Hutun Bazara: Yawon Wuni Ɗaya a Jirgin Ƙasa Mai Kwal Cikin Duwatsun Arewacin Wales



Duk shekara da zarar an rufe makarantu a ƙarshen watan Yuli, iyaye a Manchester, Liverpool, Birmingham da Landan sukan shiga tunani iri ɗaya: ga makonni shida na hutu, ga yara a gida, kuɗin jirgin zuwa gida kuwa ba kowace shekara ake samunsa ba. In ba a yi dabara ba, sai hutun ya ƙare yara ba su ga komai ba sai talabijin da wayar hannu. To, akwai wata fita ta wuni ɗaya da iyali za su iya yi ba tare da neman biza ko ɗaukar akwati ba, wato hawa jirgin ƙasa irin na da, mai aiki da kwal da tururi, a cikin duwatsun arewacin Wales.

Layukan dogo uku ne suka fi shahara a wannan yanki, kuma ba iri ɗaya ba ne. Wanda bai bambance su ba, yana iya biyan kuɗi mai yawa ya tarar da kan jirgi mai shan dizal, ko ya kai yara ƙolin dutse babu rigar sanyi. Wannan bayani zai nuna abin da ke kowane layi, da wanda ya dace da irin iyalinku, da shirin da ya kamata a yi.

Ina ne wurin?

Yankin yana arewa maso yammacin Wales, cikin gandun da Turawan Ingila suka daɗe suna kira Snowdonia. Tun shekarar 2022 hukumar gandun ta koma amfani da sunayen harshen mutanen wurin, wato Eryri ga yankin, da Yr Wyddfa ga babban dutsen da aka sani da Snowdon. Ku riƙe sunayen duka, domin za ku gan su a allunan hanya.

Daga Liverpool ko Manchester tafiyar awa biyu ce zuwa biyu da rabi a mota, daga Birmingham kuma kamar awa uku. Waɗannan za su iya zuwa su dawo a rana guda. Mutanen Landan kam sai sun kwana, domin tafiyar ta kai awa biyar ko fiye.

Yadda jirgin ke aiki

Yara za su yi tambaya, don haka ya kamata uba ko uwa su je da amsa. Kan jirgin dai wata ƙatuwar tukunya ce a kwance bisa ƙafafu. A bayanta akwai murhu, inda ma'aikaci ɗaya yake zuba kwal da shebur. Zafin wutar yana bi ta cikin bututai masu yawa da suka ratsa ruwan tukunyar, sai ruwan ya tafasa, tururi ya taru ba shi da mafita. Idan direba ya buɗe masa hanya, sai ya shiga silinda ya tura fistin gaba da baya, sandunan ƙarfe kuma su juya ƙafafun. Tururin da ya gama aiki yana fita ta bututun hayaƙi da ƙarfi, shi ne wannan "cuku-cuku" da ake ji. Fitar tasa kuma tana jawo iska cikin murhu kamar yadda zugazugin maƙeri yake yi, shi ya sa jirgin yake ƙara huci idan ya kama hawa.

Ba a tayar da irin wannan inji da makulli. Sai an hura wuta awoyi kafin lokacin tashi, kuma a hanya dole ya tsaya ya sha ruwa. Idan an tsaya shan ruwan, lokaci ne mai kyau na kai yara kusa su ga murhun da masu aikin, amma a riƙe hannun ƙanana, domin ƙarfen yana da zafi, usur ɗin kuma yana firgita jarirai.

Layin Ffestiniog: wanda ya fi dacewa da yawancin iyalai

Wannan layi yana tashi daga Porthmadog a bakin teku, ya hau zuwa garin Blaenau Ffestiniog. Tsawonsa mil 13 da rabi, wato kusan kilomita 22, kuma yana hawa kimanin ƙafa 700. Zuwa kaɗai yakan ɗauki awa ɗaya da 'yan mintoci. Faɗin dogon milimita 597 ne kacal. Idan aka tuna cewa na sauran jiragen Birtaniya milimita 1,435 ne, za a gane dalilin da ya sa taragun suke ƙanana, kuma jirgin yake iya bin kwana mai tsanani a gefen dutse.

Ba don 'yan yawon buɗe ido aka gina shi ba. Duwatsun Blaenau suna da wani irin dutse mai launin toka wanda ke tsagewa fale-fale kamar allo, da shi ake rufin gidaje. Yawancin tsofaffin gidajen da muke haya a biranen Ingila da irinsa aka rufe su. Majalisar dokoki ta amince da kafa kamfanin a 1832, aka buɗe layin a 1836 domin sauko da wannan dutse zuwa tashar jiragen ruwa. Injiniya James Spooner ya shimfiɗa dogon da gangara ɗaya tun daga sama har ƙasa, saboda haka taragu masu kaya da kansu suke gangarowa, ma'aikata na zaune a kai suna danna birki. Dawakai ne suke jan taragun da babu kaya su mayar da su sama, in za a sauko kuma sai a sa dokin a nasa tarago ya huta. A 1863 aka kawo kawunan jirgi masu tururi, a 1865 aka fara ɗaukar fasinja.

Abin da ya fi jan ido a wannan layi shi ne kan jirgi mai fuska biyu, wanda injiniya Robert Fairlie ya ƙirƙiro. Yana da bututun hayaƙi a gaba da baya, ɗakin direba yana tsakiya, kamar an haɗa jirage biyu baya da baya. Ɗaya daga cikinsu mai suna Merddin Emrys an ƙera shi ne a 1879 a ma'aikatar layin da ke Boston Lodge.

Da kasuwar dutsen rufi ta faɗi, aka daina ɗaukar fasinja a 1939, aka rufe layin baki ɗaya a 1946, ciyawa da itatuwa suka cinye dogon. 'Yan sa kai ne suka farfaɗo da shi. A 1955 suka buɗe ɗan guntun farko, a 1958 suka kai Tan-y-bwlch, a 1968 suka kai Dduallt. Nan suka ci karo da babbar matsala, domin an gina tashar wutar lantarki, ruwan tafkinta ya shanye tsohuwar hanyar. Daga 1965 zuwa 1978 mutane masu ayyukansu na ofis da makaranta suka riƙa zuwa ƙarshen mako da diga da shebur, suka fasa sabuwar hanya ta kusan mil biyu da rabi. Don jirgin ya samu hawa sama da ruwan, suka yi masa da'ira a Dduallt, inda yake kewayawa ya bi ta kan gada ya tsallake dogon da ya baro. Sai a 1982 jirgin ya sake shiga Blaenau Ffestiniog. A 2021 hukumar UNESCO ta sa wuraren haƙar dutsen rufi na arewa maso yammacin Wales, har da wannan layi, cikin wuraren tarihi na duniya. Har yau da yawa daga cikin masu duba tikiti da masu zuba kwal 'yan sa kai ne, ba a biyansu.

Abin da za a gani a hanya: da tashi daga Porthmadog jirgin zai bi ta kan wata doguwar ganuwa ta kusan mil ɗaya wadda William Madocks ya kammala a 1811 don tare ruwan teku. Teku na gefe guda, duwatsun Eryri na ɗaya gefen. Daga nan sai hawa, ta bayan gidajen mutane, ta cikin kurmi, ta gefen kwari mai zurfi, ta cikin ramukan da aka fasa a dutse, har a fito inda babu itatuwa sai tumaki da tsibin ɓaraguzan dutse da suka kewaye Blaenau. Wanda ya zauna a hannun dama lokacin hawa ya fi ganin kwarin.

Masu ƙananan yara ba lallai su je ƙarshen layi ba. Akan sayar da tikitin gajeriyar tafiya zuwa Tan-y-bwlch, wajen rabin hanya, inda akwai wurin shan shayi, da wurin wasan yara, da 'yar hanyar ƙafa da ke gangarawa zuwa tafkin Llyn Mair.

Layin Welsh Highland: ga masu son doguwar tafiya

Kamfani ɗaya ne ke gudanar da shi da na Ffestiniog, kuma tasha ɗaya suke amfani da ita a Porthmadog. Yana da tsawon mil 25, kimanin kilomita 40, daga Caernarfon zuwa Porthmadog, an kuma kammala sake gina shi a 2011. Yana bi ta gindin Yr Wyddfa, ya ratsa ƙauyen Beddgelert, ya shiga matsatsin kwarin Aberglaslyn, inda dogo da kogi suke tafiya kafaɗa da kafaɗa tsakanin duwatsu.

Hawansa ya fi na Ffestiniog tsanani, shi ya sa aka sayo manyan kawunan jirgi samfurin Garratt daga Afirka ta Kudu. 'Yan uwa na Manchester su lura: wasu daga cikinsu a unguwar Gorton aka ƙera su, a masana'antar Beyer Peacock, suka je Afirka suka yi aiki, suka dawo.

Sai dai zuwa kaɗai ya fi awa biyu. Zuwa da dawowa zai cinye wunin gaba ɗaya, yara 'yan ƙasa da shekara bakwai kuwa za su ƙosa. Abin da ya fi sauƙi shi ne a tashi daga Caernarfon a sauka Beddgelert, a ci abinci a bakin kogi, a dawo. In da sauran lokaci, ga ganuwar Caernarfon da Sarki Edward na Ɗaya ya fara ginawa a 1283, tana daf da tashar.

Jirgin hawa Yr Wyddfa: mafi ban mamaki, mafi buƙatar shiri

Wannan shi ne wanda yake hawa dutsen kansa. Yana tashi daga Llanberis ya yi tafiyar mil 4.7 zuwa daf da ƙololuwar dutsen, wanda tsayinsa mita 1,085 ne, babu wanda ya kai shi a Wales ko Ingila. A wuraren da suka fi tsanani, duk tafiyar mita biyar da rabi jirgin yana hawa mita ɗaya. Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba za ta iya wannan ba, santsi zai kwashe ta. Saboda haka aka shimfiɗa wani dogo mai haƙora a tsakiya, kan jirgin kuma yana da ƙafa mai haƙora da ke cizonsa. Daga Suwizalan aka kawo wannan dabara da kawunan jirgin masu tururi, kuma shi kaɗai ne irinsa da ke ɗaukar jama'a a Birtaniya. Za ku ga tukunyarsu a karkace, an yi haka ne don ta daidaita idan suna kan tudu. Kan jirgin yana ƙasa yana tura tarago, ba a ɗaure su da juna ba, kuma taragon yana da nasa birki. Saurinsa bai wuce kamar mil biyar a awa ba.

Ranar da aka buɗe shi, 6 ga Afrilu 1896, kan jirgi ɗaya ya sauka daga haƙoran ya faɗa kwari. Taragun sun tsaya da birkinsu, amma wani fasinja da ya yi tsalle ya fita ya rasu. Aka rufe layin shekara guda, aka ƙara ƙarfen da ke riƙe jirgi kada ya ɗaga daga haƙoran, sannan aka sake buɗewa a 1897.

Hawa awa ɗaya ne, sauka ma haka, a sama kuma akan ba da kamar rabin awa. Akwai ginin baƙi mai suna Hafod Eryri da aka buɗe a 2009, daga nan 'yan matakala ne zuwa ƙololuwa. Abubuwa uku ya kamata a sani kafin a biya kuɗi. Na ɗaya, yawancin jiragen wannan layi dizal ne ke tura su, mai tururin tikitinsa daban ne, ya fi tsada, kuma yana saurin ƙarewa. Na biyu, idan iska ta yi ƙarfi jirgin ba ya kaiwa sama, sai ya tsaya a hanya ya juyo. Na uku, hazo yakan rufe ƙololuwar ko a watan Agusta, ta yadda mutum ba zai ga abin da ke gabansa ba. A ranar da gari ya washe kuwa, za a ga tafkuna a ƙasa, da teku, da tsibirin Anglesey.

A ganinmu wannan ya fi dacewa da manya da yara masu wayo, da tsofaffin da ba za su iya hawa da ƙafa ba. Ga mai goyo da 'yan ƙanana, Ffestiniog ya fi.

Me ya haɗa mu da wannan?

Dattawan da suka taso a Kano, Zariya, Kaduna ko Jos sun san wannan ƙamshin hayaƙi. Dogo ya iso Kano a 1911, kuma jirage masu kwal ne suka yi shekaru suna kwasar gyaɗa, auduga da fatu zuwa bakin teku kafin dizal ya karɓe su. Har samfurin Garratt ɗin nan ya yi aiki a Najeriya. Akwai ma wani ƙaramin layi da ya yi kama da na Ffestiniog: ya tashi daga Zariya ya hau tudun Jos, ya kai Bukuru a 1914, faɗinsa ƙafa biyu da rabi, an gina shi don sauko da kuza. An rufe shi a 1957, kuma bai samu masu farfaɗo da shi ba. Saboda haka idan kaka ko kakan yara sun zo ziyara, a tafi da su. Labarin da suka daɗe suna bai wa jikoki, ga shi nan yana huci a gabansu. Gani ya kori ji.

Wani abin lura kuma, mafi yawan mutanen Caernarfon da Blaenau da harshensu na Welsh suke magana a kasuwa da makaranta, alhali ga Ingila nan kusa. Yaran da ke jin nauyin yin Hausa a waje su ji da kunnensu. In kuka ce "diolch", wato an gode, za ku ga an saki fuska.

Shirin tafiya

1. A zaɓi layi ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa. Tsakanin Llanberis da Porthmadog tafiyar kusan minti 45 ce a kan ƙananan hanyoyi, kuma jirgi ba ya jiran wanda ya makara.

2. A sayi tikiti tun da wuri ta intanet. A lokacin hutun makaranta kujeru sukan ƙare, musamman na Yr Wyddfa. A karanta da kyau ko mai tururi ne, da tashar da zai tashi, da sharaɗin mayar da kuɗi. Idan iyalai da yawa za su tafi tare, a buga wa ofishinsu waya a tambayi rangwamen ƙungiya.

3. A san cewa ana iya canza kan jirgi. Idan an daɗe ba a yi ruwa ba, tartsatsin wuta yana iya kama ciyawa, sai a sa mai dizal. Kwal ma ya yi tsada, domin mahaƙar Ffos-y-fran da ke kudancin Wales, wadda irin waɗannan jirage suka dogara da ita, an rufe ta a 2023. A faɗa wa yara tun a gida don kada ransu ya ɓaci.

4. A yi sammako. A isa tasha aƙalla rabin awa kafin tashi, domin neman wurin ajiye mota yana cin lokaci.

5. Masu zuwa ta jirgin ƙasa na yau da kullum: daga Manchester ana iya sauka Llandudno Junction a shiga wanda ke zuwa Blaenau Ffestiniog, inda tasharsa ke haɗe da ta ƙaramin jirgin. Daga Birmingham akwai hanya ta Shrewsbury da Machynlleth zuwa Porthmadog, amma doguwa ce. Jiragen waɗannan hanyoyi ba su da yawa a rana, a duba na ƙarshe kafin a bar gida.

6. Tufafi. Ko da rana ta fito, kowa ya riƙe rigar sanyi da rigar ruwa, da takalmi rufaffe. Saman dutse ya fi ƙasa sanyi sosai. A bar farar shadda da lallausan mayafi a gida, domin burbushin kwal yana shigowa ta taga. Kada yaro ya leƙa kai ko ya miƙa hannu waje, a wasu wuraren bangon dutse yana daf da tarago.

7. Guzuri. Abincin halal ba shi da yawa a waɗannan ƙauyuka. A dafa dafa-duka ko a soya kaza tun dare, a haɗa da cincin da shayi a fulas. In guzuri ya ƙare, kifi da dankali yana nan a Porthmadog da Caernarfon, sai a tambayi irin man da aka soya da shi.

8. Salla. A watan Yuli da farkon Agusta azahar tana shiga bayan ƙarfe ɗaya, rana kuma ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara, don haka akwai sarari. A ɗauki darduma da buta. Alƙibla tana kudu maso gabas. Akwai masallaci a birnin Bangor, wanda ba shi da nisa da Caernarfon da Llanberis.

9. Taragun ƙanana ne. Keken jariri mai naɗewa ya fi, kuma wanda ke tafe da mai keken guragu ya sanar da su lokacin sayen tikiti, domin guraben kaɗan ne. Kowa ya kewaya kafin a shiga, musamman jirgin Yr Wyddfa da babu bayan gida a cikinsa.

Akan fara zirga-zirga sosai daga wajen ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba. Wanda ke da hali ya zaɓi tsakiyar mako, ya fi ƙarancin cunkoso. Mai mota da ke da gurbi kuma ya tuna da ɗalibai da sababbin zuwa, waɗanda ba su taɓa fita daga birnin da suka sauka ba.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.